Yadda Takardar Haihuwa Ta Iso Ƙasar Gobir

Tun daga watan Nuwamba na 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da rajistar haihuwa ta na'ura, wata tsohuwar muhawara ta sāke tasowa a Sabon Birni da Isa, wato wace takarda ce hujja a kan ranar da aka haifi mutum: wadda ƙaramar hukuma ta buga wa hatimi, ko ta Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, ko kuwa rantsuwar da ake yi a kotu. Ɗalibin da ke neman gurbin karatu, da maniyyacin da ke neman fasfo, da wanda shekarunsa na katin ɗan ƙasa suka saɓa wa na takardar makaranta, duk wannan tambaya ce ke tsare su a bakin ofis. Kuma idan mutum ya zarce nan, ya ce asalin kakanninsa yake son sani, sai ya tarar ba a ma san ɗakin da za a nuna masa ba. Akwai masu cewa jahilci ne ya jawo haka, akwai masu ɗora laifin a kan addini, amma ni ban gamsu da ko ɗaya ba, kuma tarihi ne hujjata.

Ba sai mun daɗe a kan zamanin da Gobirawa suka baro Azbin ba, domin abin da ya rage daga wannan zamani jerin sunayen sarakuna ne a bakin makaɗa da maroƙan fada. Abin lura yana farawa ne a ƙarni na 18, lokacin da Alƙalawa take babban birni. A ƙasar Gobir aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta, kuma an san ranar, wato ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 ta Hijira, daidai da Disamba 1754. Alhali Bawa Jan Gwarzo, wanda ya mallaki ƙasar da dukan ƙarfinta, shekarun sarautarsa kaɗai ake lissafawa, su ma da saɓani tsakanin maruwaita. Bambancin a fili yake: gidan malamai gidan alƙalami ne, inda ake rubuta haihuwar ɗa a gefen littafi ko a bayan takarda, fada kuwa tana ajiye tarihinta a ƙirjin mutane. Wannan kaɗai ya isa ya rushe da'awar masu zargin addini, domin kiyaye nasaba yana cikin manyan manufofin shari'a, gado da waliccin aure ba sa tabbata sai da shi, kuma tun zamanin Sayyidina Umar aka kafa diwani, aka rubuta Musulmi kabila-kabila, gida-gida.

Talakan Gobir shi ma bai bar haihuwar ɗansa ta wuce babu shaida ba, sai dai shaidarsa ba ta takarda ba ce. Ranar bakwai ana tara jama'a, liman ya raɗa suna a gaban maƙwabta da dangi, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski ya kuma yi tsagar gado, wadda da ita ake gane Bagobiri a kowace kasuwa tun daga Shinkafi har Maraɗi. Laƙabin da uwa ko kaka za ta sa wa yaro sau da yawa shi ne ke riƙe da ranar ko lokacin: Ɗanladi da Jummai da Balarabe, Azumi da Anaruwa, Tanko wanda ya biyo bayan mata. Shekarar kuwa da wani babban al'amari ake ɗaure ta, a ce an haifi wane shekarar yunwar Kakalaba ta 1914, ko lokacin Muɗa a farkon shekarun 1950, ko shekarar da aka kashe Sardauna, ko da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973. A wurin alƙali, shaidar adalai biyu da suka halarci suna ta fi ƙarfin kowace takarda, kuma haƙiƙa, muddin mutum yana zaune cikin danginsa, wannan tsari bai taɓa gazawa ba.

Abin da ya fara raunana shi shi ne watsewar jama'a. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ragowar gidan sarauta suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, a rabi na biyu na ƙarnin, Ɗan Halima, ɗan wannan gidan sarauta, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa tana ɓangaren Sakkwato da nata Sarkin Gobir. Sa'an nan Turawa suka ci Sakkwato a 1903, kuma tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho ta Faransa da takwararta ta Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransawa, Sabon Birni da Isa hannun Ingilishi. Gida ɗaya ya zama ƙasa biyu, da harshen mulki biyu, da salon rubutu biyu. Wani alheri da ya fito daga wannan aiki shi ne tarihin Gobir da jerin sarakunanta da tafintan tawagar, Landeroin, ya tattara daga bakin dattawa, aka buga a Faris a 1911, wanda har yau mai binciken gidan sarauta ba ya wadatuwa ga barinsa.

A nan ne nake ganin asalin cutar, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Karo na farko da hukuma ta zo ƙofar talakan Gobir da takarda da alƙalami tana tambayar sunansa da na 'ya'yansa, ba don ta ba shi wani haƙƙi ta zo ba, don haraji da jangali ta zo. Malamin hakimi yana zagayawa da dagaci da mai unguwa, ana rubuta magidanta da samarin da suka balaga, kuma ranar da sunan yaro ya shiga littafi, ranar ce aka ƙara wa gidan nauyi. A hayin Faransa kuwa abin ya fi muni, domin daga irin wannan jeri ake ɗibar mutanen aikin tilas da na soja, har ƙauyuka suka riƙa tsallako iyaka don tsira. Uban da ya ga haka, in ya rage wa ɗansa shekaru, ko ya tura shi rugar dangi ranar ƙirga, ba jahilci ya yi ba, hankali ya yi daidai da abin da ya gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan tsoro ya yi ta bin jini har bayan da aka daina karɓar harajin. Masu cewa jahilci ne su gaya mana yadda jahili ya iya lissafin zakkar gero dami-dami, ya kuma riƙe sunan kakansa na biyar.

Ita dokar rajistar haihuwa ta girmi Nijeriya kanta, domin tun 1863 aka yi ta a Ikko, aka sāke faɗaɗa ta a 1917, amma ba ta wuce manyan garuruwa da unguwannin Turawa ba, kuma abin da En'e, wato hukumar gargajiya, ta yi a karkara bai taka kara ya karya ba. Buƙatar takardar ta bayyana ne da makarantar boko, musamman da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da hedimasta kan dubi tsawon yaro ya yanka masa shekaru, da yawa kuma a ba su ɗaya ga Janairu. Dubban mutanen Isa da Sabon Birni da ke aikin gwamnati yau, ranar haihuwarsu ta hukuma ƙiyasin wani malami ce. A shekarar nan ta 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, aka yi dokar tilasta rajista a 1979, sa'an nan Doka ta 69 ta 1992 ta miƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya, ta ce a yi rajistar jariri cikin kwana 60 kyauta. Sai kuma Tsarin Mulki na 1999 ya zo ya ambaci aikin a wuri biyu, ya lissafa shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ya kuma ɗora wa Hukumar Ƙidaya. Daga wannan tufka da warwara ne rigimar takardu biyu ta samo tushe, kuma laifin na masu rubuta doka ne, ba na uban da ya je sakatariya ya karɓi abin da aka ba shi ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna yaran da ba su kai shekara biyar ba da aka yi wa rajista sun tashi daga kashi 30 cikin ɗari a 2013 zuwa 43 a 2018, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin na can ƙasa, abin da ba zai ba da mamaki ba a inda mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yi, a hannun ungozoma, magatakardan rajista kuwa yana zaune a asibiti ko a hedikwata. Da tun farko an ba liman da mai unguwa littafin, su da ba a yin suna sai da su, da yau ba wannan magana muke yi ba.

Saboda haka mai neman takarda ga yaro, Hukumar Ƙidaya zai nufa. Babba kuwa sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu, sa'an nan hukumar ta ba shi takardar tabbatarwa. Mai neman asali aikinsa ya fi tsawo. Rahotannin ƙiyasin haraji na Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, wasu takardun suna Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, na dangin Tsibiri sai Yamai, kuma wanda danginsa suke Shinkafi ya tuna tun 1996 ta koma Jihar Zamfara. Amma waɗannan takardu sunayen hakimai da dagatai da adadin masu biya suka fi riƙewa, ba sunan jariri ba. Littafin shiga makarantar firamare, da takardun rabon gado na kotun alƙali, da rubutun gefen littattafan limamin gari, sun fi kusa da biyan buƙata, bayan su kuma sai bakin tsofaffin mata da wanzaman gidan.

Waɗannan na ƙarshe su ne ta'addancin 'yan bindiga yake tarwatsawa a idonmu. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga wannan yanki suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, wasu suka cika Sakkwato da garin Isa da Sabon Birni, an bar makarantu da littattafansu ga gara da ruwan sama, limaman da suka raɗa sunaye sun rabu da mutanen da suka shaida. Yaron da aka haifa a gudun hijira a Gidan Runji, uwarsa 'yar Gatawa, ubansa ya rasu a hanya, in ba a rubuta shi yanzu ba, nan da shekara ashirin zai tsaya a gaban jami'in Nijeriya ko na Nijar a tambaye shi hujja, kuma adalai biyun da za su tsaya masa ba lalle ne a same su a gari ɗaya ba.