Jarida A Matsayin Allo: Tarihin Koyon Rubuta Labari Da Rabon Ɗaliban Rano Da Kibiya A Cikinsa

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Rano suna da hanyoyinsu na isar da labari. Idan fada tana da sanarwa sanƙira ne ke zaga gari yana shela, idan saƙon na nesa ne malamin fada ya rubuta wasiƙa da Larabci a bai wa manzo ya hau doki. Sauran labaran duniya kuwa fatake ke kawo su, a baje su ranar kasuwa tare da haja. Garin Autan Bawo, wanda tarihin Bayajida ya haɗa shi da Kano a sarautar baba da rini, bai taɓa rasa baƙin da ke shigowa da labari ba. Abin da ya zo daga baya shi ne rubuta labari a takarda domin mutanen da marubucin bai san su ba, bisa ƙa'idojin da ake koya. Tarihin wannan koyo muke so mu bi, domin mu ga da waɗanne kayan aiki magabata suka koya, da kuma abin da ya rage a hannun 'ya'yanmu na gida.

Jarida ta riga mu isa Kudu da shekaru masu yawa, don kuwa tun 1859 wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin da Yarabanci a Abekuta. A Arewa sai da aka fara shimfiɗa boko tukuna. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, daga baya ta koma Hukumar Talifi, a zamanin ne kuma aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934. Waɗannan su ne tubalan farko, domin ba a koya wa yaro rubuta labari a harshen da ba a daidaita rubutunsa ba.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, da marigayi Alhaji Abubakar Imam a kujerar editan Hausa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Imam, haifaffen Kagara a 1911, bai shiga makarantar aikin jarida ba, don babu irinta a ƙasar nan a wancan lokaci. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, wanda ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. A bakin aiki ya koyi sana'ar, shi da East suna gyara wa juna, wannan ya san tsarin jaridun Ingila, wancan ya san inda Hausa ke taka ƙasa. Abin da suka haifar tsakaninsu shi ne salon da har yanzu muke jin amonsa a labaran rediyo: jimla mai sauƙi, sunan mutum da garinsa a bayyane, karin magana inda ta dace, da ƙirƙiro kalmar Hausa ga baƙon abu maimakon a jibge shi da Turancinsa. A 1943 Imam ya je Ingila cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, littafin da ya dace kowane ɗalibi mai sha'awar rubuta rahoton tafiya ya karanta.

A ganinmu babban littafin koyar da aikin jarida a ƙasar Hausa shi ne jaridar kanta. Gaskiya ta shiga makarantun elementare da na midil da ofisoshin En'e, malamai suna karanta ta ga yara, masu ilmi suna karanta wa waɗanda ba su yi boko ba a zaure ko a gindin bishiya. Shafinta na wasiƙu kuwa ya zama aji mai zaman kansa. Malamin ƙauye ko malamin haraji zai rubuto abin da ya faru a garinsu, bayan 'yan makonni ya ga an buga, an rage masa doguwar gaisuwa, an ɗauko muhimmin zancen da ya ɓoye a ƙarshe an kai shi farko. Wanda aka yi wa wannan gyara sau uku ya sami darasin da ɗaliban jami'a ke biyan kuɗi su koya yau. A irin waɗannan shafuka ne su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka wasa alƙalumansu.

An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan a shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura aniyar Yaƙi Da Jahilci. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta riƙa buga abin karantawa domin sababbin masu karatu, kusan kowane lardi kuma ya sami 'yar jaridarsa: Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Sodangi a Kano. Ta Sodangi ce tamu, tunda Rano tana cikin Lardin Kano. Hikimar waɗannan ƙananan jaridu ita ce wanda ya gama ajin yamma ya sami abin karantawa game da wuraren da ya sani, kada karatun ya zube. A birnin Kano kuma akwai wata makarantar ta daban, mai zafi, wato Daily Comet ta Azikiwe, inda marigayi Magaji Ɗambatta ya yi aiki a zamanin NEPU.

Daga nan rediyo ya karɓi kaso mafi tsoka. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Bahaushe ya zama gwanin sauraro, manomi a Rurum ko Kibiya yana iya ba ka labarin Falasɗinu dalla-dalla. Sai dai kunne ba ya maye gurbin ido wajen koyon rubutu. Labarin rediyo yana wucewa da iska, yaro ba ya iya ja masa layi ya ga yadda aka gina shi.

Koyar da aikin jarida a aji ya fara ne a Jami'ar Nsukka a 1961, ya iso Jami'ar Bayero a ƙarshen shekarun 1970. Gwamnatin marigayi Alhaji Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, ta kuma kafa gidan talabijin na CTV, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Wannan ci gaba ne babba, amma ya zo da giɓi. Littattafan da ake koyarwa da su a manyan makarantu da Turanci suke, misalansu na Landan da Legas ne, alhali mafi yawan masu sauraron ɗalibin da zai yi aiki a Kano da Hausa za su ji shi. Da yawa daga ma'aikatan Freedom Radio, wadda ta buɗe a 2003, da na Aminiya, wadda ta fara fitowa a 2006, sai da suka sake koyon aikin a bakin aiki, kamar dai yadda Imam ya yi. Wanda ke neman wannan tarihi a tattare zai same shi a littafin marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa A Rubuce, na 1988.

To ina rabon Rano da Kibiya? Masarautar Rano kaɗai ta isa misali. An ɗaga darajarta a 1981, aka soke a 1983, aka dawo da ita a 2019, aka sake soke ta a 2024, a shekarar kuma aka mai da ita masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Ba ra'ayin kowa muke tattaunawa a nan ba. Abin lura shi ne mu da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas mun fi samun labarin waɗannan al'amura daga bakin wakilan da ke zuwa daga birni su kwana ɗaya su koma, ko kuma daga saƙonnin WhatsApp da ba a san mafarinsu ba. Haka abin yake game da farashin hatsi, da halin hanyoyi, da noman rani da ruwan Tiga ke ciyarwa a kudancin Kano. Labarin ƙauye yakan kai birni ne idan an yi gobara ko ambaliya.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa, tsofaffin kofenta suna ajiye a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakunan karatu na jami'o'i, inda ɗan sakandaren Kibiya ba zai kai ba. Abin da ya rage a makarantu shi ne ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai, masu karanta labarai a taron safe, su liƙa rubutunsu a allon sanarwa, ita ma ƙarfinta ya dogara ga samun malami mai sha'awa. Yawanci labaran ƙasa suke kwafowa daga waya, ba su saba fita su tambayi sarkin kasuwa ko ungozoma ko shugaban makaranta ba.

Kayan da irin wannan ƙungiya ke bukata ba su fi ƙarfinmu ba. Jaridar Hausa ta mako-mako da za a riƙa kai wa kowace sakandare, da hoton wasu shafukan tsohuwar Gaskiya da Sodangi a ɗaure su wuri guda, da ƙamus, da littafin ƙa'idojin rubutu. Sai ɗan ƙaramin jagora da Hausa, wanda 'yan asalin yankin da ke aiki a gidajen rediyo da jaridu za su iya rubutawa cikin hutu ɗaya, ya bayyana tambayoyi shida da kowane labari ke amsawa, wato wa, me, ina, yaushe, yaya, don me, ya nuna yadda ake jin ta bakin ɓangarori biyu kafin a rubuta, da bambancin abin da ka gani da abin da aka gaya maka, da misalai daga kasuwar Rano da gonakin Kibiya. Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne wanda zai zauna da jan biro ya gyara rubutun yaro ya mayar masa, aikin da teburin edita a Zariya ya yi wa malaman ƙauye. Wannan mujalla tana iya ware shafi biyu a fitowa ta gaba ga rahotannin ɗaliban Rano da Kibiya, a buga su da sunayen makarantunsu bayan an gyara.