Jinya da Amo: Daga Girka Zuwa Zauren Haske

A 2018 aka buɗe Atelier des Lumières a Faris, zauren da ake haska zane-zane a bango da daɓe, kiɗa na tashi. Wasu wuraren sukan kwantar da baƙi, a kaɗa musu kwanonin tagulla don hankalinsu ya natsu.

Jinya da amo ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. 'Yan bori sukan girka majinyaci da goge da garaya. Bayan jihadin 1804, malaman Sakkwato da Gwandu, masarautar da Zagga ke cikinta, suka yaƙi al'adar. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ta jawo mata da karatu da waƙen wa'azi. Ba a raba su da sauti ba, saƙonsa aka sauya.