Labarin Tsofaffin Direbobin Ƙasar Yawuri

Wanda ya bi ta tashar mota ta Wara ko ta Yelwa bayan sallar la'asar, ba ya rasa ganin waɗansu dattawa zaune cikin inuwa, nesa kaɗan da inda 'yan kamasho ke kiran fasinja. Ba su da kaya, ba su kuwa jiran kowa. Tsofaffin direbobin manyan motoci ne, waɗanda suka aje sitiyari, amma ƙafarsu ta ƙi mance hanyar tasha. In mota ta shigo sai hira ta tsaya, kowa ya karkata kunne, har ta kashe, sa'an nan wani ya faɗi abin da ke damun injinta, saura su yi masa gardama.

Cikin littattafan tunawa da ma'aikatan En'e akan jera hakimai da alƙalai da ma'aji da malaman haraji, kowa da shekarar da ya kama aiki da wadda ya bari. Direba kuwa ba a cika samun sunansa ba sai cikin littafin biyan albashi, can ƙasa, tsakanin masinja da mai gadi. Alhali kuwa babu ɗaya daga cikin manyan nan da bai danƙa ransa a hannun direba ba. Don haka ya kamata a ba su wuri cikin wannan littafi, tun da sauran waɗanda suka ga zamanin da idonsu.

Tun kafin mota ƙasar Yawuri mararraba ce. Fataken Kano da na Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro ta wannan yanki suke bi su ƙetare Kwara da jakunansu, Gungawa kuwa, mazauna tsibiran kogi, su ke da jirage da sanin ruwa. Amma kogin bai ba da hanya sosai zuwa kudu ba, saboda duwatsun Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka cikin 1806 bayan ya wuce Yawuri. Cikin 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da Yelwa mazaunin sarauta, bayan yaƙin basasa da ya daɗe yana cin ƙasar. Da Turawa suka zo, kayansu da kuɗin haraji duk a kan 'yan alaro ake ɗauka, kwana da kwanaki, mutum ya bar gonarsa ya bi kayan wani. Tsofaffi na dā sun sha faɗin cewa babu wahalar da talaka ya ƙi jini kamar wannan.

Cikin 1912 aka haɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano, ta bi ta Jabba da Dungurum, watau Zungeru, aka kuwa gama gadar Jabba cikin 1916. Jirgi bai zo Yawuri ba, har yau kuwa bai zo ba. Saboda haka duk abin da ƙasar ta noma don sayarwa sai an kai shi inda dogo yake, ta Kwantagora, abin da ya sa mota ta zama dole ke nan. A zamanin Sarkin Yawuri Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, aikin hanya ya zama babban aiki cikin ayyukan En'e. Hanyoyin nan fa burji ne, waɗansu ma hanyar rani ce kurum, da ruwa ya sauka sai a manta da su sai kaka. Kadarko na itacen giginya ne, in rafi ya cika ya tafi da shi. Kowane yanki na hanya da helumansa da leburorinsa, suna zuba marmara suna share gargada. In an yi ruwa mai yawa sai a sa shinge, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta sha iska, don kada ta kwaɓe hanya. Direba ya kwana a bakin shinge da fasinjansa, ko da garinsu na hange. Dattawan nan sun tarar da ƙarshen wannan doka, suna kuwa cewa a bakin shinge aka ƙulla abota da yawa, har da aure.

Direbobin farko yawancinsu mutanen kudu ne, haka makanikai. Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sake al'amarin. Da fari ya kawo tsananin rashin taya da fetur, musamman daga 1942 da Japan ta kama ƙasashen roba, har mota ta kan yi wata da watanni a kan duwatsu don rashin taya guda. Daga baya kuma sojan da suka komo daga Bama cikin 1945 da 1946, da yawansu sun koyo tuƙi a soja, suka zo da lasin da horo da saurin fushi. A hannun waɗannan ne dattawan yau, ko iyayen gidansu, suka koyi aiki.

Koyon nan shi ne abin da suka fi daɗewa a kansa in hira ta yi daɗi. Yaro ba ya fara da sitiyari. Karen mota yake zama, shekara da shekaru. Shi ke wanke mota da asuba, shi ke cika lagireto, shi ke juya hannun tayar da inji, wanda in ya ƙwace ya kan karya wuyan hannu. In an zo hawa mota ta gaza, sai ya diro da waigi ya sa a bayan taya kafin ta koma da baya da mutane, sa'an nan in ta ɗauka ya ɗauke waigin ya bi ta da gudu ya ɗafe. Taya ta fashe cikin daji, shi ke kwance ta, ya yi faci, ya buga iska da famfon hannu har gumi ya jiƙe shi. Barcinsa a kan kaya ne ko ƙarƙashin bodi. Sai maigida ya ga hankalinsa ya zauna, sa'an nan wata rana, a fili inda babu abin karo, ya ce masa ya juya mota. Wanda ya sha wannan, ko da ido rufe ya san kukan Bedford daga na Austin, ya san kuma abin da waya da tsumma da guntun roba za su iya gyarawa a inda babu makaniki.

Direbobin iri biyu ne, har yanzu kuwa ba su daina yi wa juna gori ba. Na En'e yana da kaki da albashi a ƙarshen wata. Shi ke kai malamai rangadi Ngaski da Shanga da sauran gundumomi, shi ke komo da akwatunan haraji da jangali zuwa baitulmali, ɗan doka na zaune a kansu, kuɗin kuwa suloli ne da kwabbai masu nauyi. Shi ke ɗaukar siminti da kwano na makaranta da ɗakin magani, ya kai yara makaranta farkon zango, ya kai mara lafiya asibiti da tsakar dare ba a ƙara masa ko anini. Direban attajirai kuwa ba shi da kaki, amma ya ga duniya. Shi ke ɗaukar albasar Gungawa da shinkafa da bandan kifi, ya bi Kwantagora da Mokwa, ya jira a Jabba in jirgi na bisa gada, domin a kan gadar jirgin motoci ke ƙetarewa a lokacin, ya wuce Ilori da Badun har Ikko, ya komo da goro da gishiri da kananzir da atamfa. Na En'e ya kan ce shi ne aka amince wa da dukiyar ƙasa. Na attajirai ya kan amsa da cewa wanda bai taɓa shiga Ikko da mota cike da albasa ba, bai san tuƙi ba tukuna. In za a yi gaskiya, kowannensu yana da hujja, sai dai na En'e ya fi barci a gida.

Babban al'amarin da ya auku a zamaninsu shi ne madatsar Kainji. An fara ginin cikin 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kamfanin Italiya mai suna Impregilo ya yi aikin. Cikin 1968 aka tare ruwa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta cikin Fabrairu 1969. Tafkin da ya taru tsawonsa ya fi mil 80, bakinsa na arewa ya kai har Yelwa. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye tsibiran Gungawa da fadamun albasarsu, aka ta da mutane fiye da 40,000 daga ƙasar Yawuri da ta Borgu da maƙwabtansu, aka kai su sababbin garuruwa masu ɗakunan siminti.

Takardun hukuma sun ƙidaya mutane da gidaje da diyya. Abin da ba su rubuta ba, direbobi suka gani, domin motoci ne suka kwashe mutanen daga bakin ruwa. Suna ba da labarin turmi da taɓarya da tukwane da kaji a kan buhunan hatsi, da tsofaffin da suka ƙi hawa sai da aka yi ta lallashi, domin ba su yarda ruwa zai kai inda aka kafa alama ba, ga shi kuwa kakanninsu suna kwance a nan. Mota ta ɗauki duk abin da ke ɗaukuwa, kabari da kuka da tsamiya aka bar wa ruwa. Waɗansu direbobin ma garuruwan iyayensu suka kwashe da hannunsu. Shi ya sa in an kai nan cikin hira murya ta kan yi ƙasa, mai gardama ma ya yi shiru. Akwai kuma hanyoyin da suka sani kamar tafin hannunsu, suka san kowane rami da kowane kwana, yau suna ƙarƙashin ruwa, masunta na jefa taru a kansu.

Tafkin ya rama da kifi a shekarun farko, Sarkawa da sauran masunta suka taru daga nesa, motoci suka yi ta jigilar banda zuwa kudu, kafin kamun ya ja baya. Sa'an nan sauye-sauye suka zo a jere. Ran Lahadi 2 ga Afrilu 1972 aka bar tuƙi ta hagun hanya aka koma dama. Mai tsohuwar mota da sitiyari a dama ya zama ba ya ganin gaba in zai wuce wata, sai karen mota ya leƙa ya gaya masa, yaron da jiya ake zagi yau shi ne idon maigida. Cikin Janairu 1973 naira ta maye fam. Tun 1968 aka fara karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi, aka raba ma'aikata da motoci. Ƙasar ta zauna cikin Jihar Sakkwato har 1991 da aka yanke Jihar Kebbi, yau kuwa masarautar ƙananan hukumomi uku ce, Yawuri da Ngaski da Shanga.

A cikin wannan rabo ne da yawansu suka yi hasara. Wanda aka ɗauka a kan ladan yini, ba a sa shi cikin jerin masu fansho ba, ya fita da ɗan abin sallama kurum. Wani takardunsa sun ɓace tsakanin wannan ofis da wancan, shaidunsa kuwa, malaman da suka san ranar da ya kama aiki, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Direban attajirai dama ba shi da fansho sai 'ya'yansa, da ɗan abin da 'yan ƙungiyar direbobi ke miƙa masa a tasha ran kasuwa.

Tsufan direba daga ido yake farawa. Da fari fitilar mota mai zuwa ta kan dushe masa gani, sai ya bar tafiyar dare, ya ce wai hanya ce ta lalace. Daga nan yana ta sauko, baya ya riƙe saboda shekarun gargada, gwiwar da ta sha taka kuloci ta ƙi lanƙwasuwa a salla. Ranar da ya miƙa mabuɗi, sau da yawa wanda ya karɓa tsohon karen motarsa ne. Ba su cika kuka da wannan ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne tsoron da ya shiga hanya. Su da suka kwana cikin daji da akwatin haraji, ɗan doka guda da kulki, ba abin da suke tsoro sai kura, sun rayu har suka ji an kwashe ɗalibai daga makarantar Birnin Yawuri ran 17 ga Yuni 2021. Makonni uku kafin wannan, ran 26 ga Mayu, jirgin ruwa cike da 'yan kasuwa ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawa suka rasu. Dattawan suka yi ta maimaita dokar da aka koya musu da mari tun suna yara, cewa abin hawa yana da iyakar abin da zai ɗauka, ko na tudu ko na ruwa.

Kusan kowannensu yana da tsohon lasinsa a aljihu, naɗe cikin leda, da hoton wani saurayi mai karkatacciyar hula wanda jikokinsa ba su gane shi ba. Ga wanda takardunsa suka ɓace, sau da yawa wannan lasin shi kaɗai ya rage mai nuna shekarar da ya fara tuƙi. In ladan ya kira magariba sai su tashi ɗaya bayan ɗaya, mai sauran gani ya riƙe hannun wanda nasa ya tafi, su ƙetare titi a hankali, 'yan acaɓa na yi musu ham.