Harin Bayi a Ƙasar Lafiya da Keffi da Faɗuwar Daular Sakkwato

A ƙarni na 19, ƙasar da ke arewa da kogin Binuwai, wadda a yau ake kira Jihar Nasarawa, tana bakin iyakar kudu ta Daular Sakkwato, kuma ba ta taɓa zama ƙarƙashin tuta ɗaya ba. Lafiya, wadda Barebari suka kafa bisa jagorancin Muhammadu Dunama, Bauci take kai wa gaisuwa, wato harajin mubaya'a da ƙaramin sarki ke aika wa na gaba da shi, alhali Keffi da Nasarawa Zazzau suke bi. Kaso mai tsoka na wannan gaisuwa bayi ne, waɗanda ake kamowa a hare-haren rani daga cikin Eggon da Mada da sauran al'ummun da suka ƙi miƙa wuya, har ta kai da yawansu sun ƙaurace wa filayen noma sun koma kan duwatsu. Bawa a wancan zamani shi ne ƙarfin gandu, kuma da shi ake sayen doki ko a biya babban bashi, domin ɗaukar wuri mai yawa a doguwar tafiya wahala ce.

Saboda haka, lokacin da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, sannan ya fitar da dokar 1901 wadda ta haramta harin bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, sarakunan iyaka ne suka fara jin zafin abin, tun da ikonsu da arzikinsu a kan hari suka dogara. A Keffi, mai faɗa a ji shi ne Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, wanda ƙarfinsa ya shafe na sarkin garin, kuma ya ƙi ajiye wannan sana'a. A watan Oktoban 1902 takaddamarsa da Razdan na lardin, Kyaftin Moloney, ta ƙare da kisan Baturen a garin, shi kuwa Magaji ya tsere zuwa Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa.

Wannan tarba ita ce hujjar da Lugga ya riƙe ya tura runduna, kuma ya tarar da daula wadda kanta ya riga ya rabu. Kano ba ta gama farfaɗowa daga Basasar da aka fara a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ɓangarori biyu masu rigimar sarauta, ba, Sarkin Zazzau Kwasau kuwa da kansa ya nemi taimakon Turawa a kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda hare-harensa ba su bar ko talakawan 'yan'uwansa sarakuna ba, a Sakkwato kuma shawara ta kasu tsakanin yaƙi da sulhu da hijira. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris, sannan a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, inda shi ma Magajin Keffi ya kwanta dama.

A Amurka, saɓani kan bauta ne ya raba jihohin arewa da na kudu har aka gwabza yaƙi daga 1861 zuwa 1865, kuma yaƙin ya ƙare da soke bautar baki ɗaya. A nan lamarin ya sha bamban, domin waɗanda suka ci yaƙi da sunan hana bauta ba su yi gaggawar sakin bayin da ke hannu ba, don gudun kada gandaye su watse, sarakunan da suke son yin mulki ta hannunsu su rasa madogara. Sai suka hana bayi gudu, suka tura mai neman 'yanci kotun alƙali ya fanshi kansa, sau da yawa ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa domin a bar shi ya yi aikin kansa. Tawayen mutanen garin Satiru na 1906, wanda bayi da suka gudo suka shiga da yawa, dakarun Turawa da na Sarkin Musulmi ne suka haɗu suka murƙushe shi, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya.