Gurbin Mai Jita a Gefen Mai Ogan a Kiɗan Jaz

An daɗe ana yi wa ƙungiyar mutum uku ta ogan da jita da ganguna kallon kiɗan mashaya, wanda tsimin kuɗi ya haifa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A shekarun 1950, masu gidajen rawa a unguwannin baƙar fata na Filadelfiya da Newark da Harlem sun gane cewa mutum uku za su cika musu ɗaki da amon da a da sai babbar ƙungiya. Sai dai wannan bai bayyana dalilin da ya sa jita ce ta zama abokiyar zaman ogan ba. Hujjata ita ce, ƙirar ogan ɗin ce da kanta ta bar gurbi a tsakiyar kiɗan, kuma cike wannan gurbi fasaha ce mai zaman kanta, wadda ba a ba ta haƙƙinta a nazari ba.

Laurens Hammond ya fitar da ogan ɗinsa mai aiki da lantarki a 1935, kuma majami'un da ba su da ƙarfin sayen ogan mai bututu suna cikin waɗanda suka fara rungumarsa. Samfurin B-3, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950, yana da jerin madannai hawa biyu, kowanne da madannai 61, ga wasu 25 a ƙasa da ake takawa da ƙafa. Ana haɗa shi da lasifikar Leslie mai juyawa a cikin akwati, wadda ke sa sautin ya riƙa kaɗawa. Abin lura shi ne, sautin ogan ba ya mutuwa muddin yatsa na kan madanni. Na jita kuwa, daga taɓa tsarkiya ya fara dusashewa. Wanda ya san bambancin goge da molo ya riga ya fahimci rabin zancen: ɗaya yana jan numfashi, ɗaya yana ɗigowa. Shi ya sa ogan da jita ba sa shiga gonar juna, saɓanin fiyano da jita, waɗanda dukansu bugawa ake yi su dusashe, har sukan riƙa tuntuɓe da juna idan ba a yi hattara ba.

Mai ogan Wild Bill Davis yana cikin waɗanda suka fara gwada wannan haɗi har ya karɓu, amma Jimmy Smith ne ya kafa tsarin da aka bi, tun daga fayafayensa na kamfanin Blue Note a 1956. Smith yana tafiyar da amon ƙasa da hannun hagu, ƙafarsa tana ɗan taɓa madannin ƙasa don ƙara masa nauyi, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙara da rage murya. To idan ya shiga baje kolinsa da hannun dama, gaɓɓansa huɗu duk sun kama aiki. Babu wanda ya rage ya riƙe damin sautukan da ke nuna wa kunne inda waƙar ta dosa, sai mai jita. Mai ogan Shirley Scott ta tabbatar da wannan ta ɗaya gefen: a fayafayenta da mai busa Eddie "Lockjaw" Davis takan sa mai kaɗa babban bes na tsaye, sai hannunta na hagu ya sami sukunin riƙe damin, buƙatar jita kuma ta ragu.

A dubi hannun gwanin mai jita a irin wannan zama. Tsarkiyoyi biyu masu kauri na sama kusan hutu suke yi, domin yankinsu na hannun hagun mai ogan ne. In ya kuskura ya buga tushen dami a can ƙasa daidai lokacin da mai ogan ya ratsa ta wani sauti, sai amon ya dagule kamar an zuba ƙasa a kunu. Don haka yakan ɗauki sauti biyu ko uku kacal a tsarkiyoyin tsakiya, galibi na uku da na bakwai, waɗanda su ne ke fayyace launin dami. Ya buga, ya sassauta yatsu nan take, sautin ya yanke. Idonsa kuma yana kan ƙafar mai ogan, domin taku ɗaya a kan feda zai iya haɗiye jitar ɗungurungum. Aikin ya fi kama da na mai kuntuku a bayan mai kalangu: ba shi ke magana ba, amma in ya saki, maganar ta watse. A ganina wannan kamun kai ya fi gudun yatsu wuyar koyo, kuma shi ne abin da masu sharhi suka fi tsallakewa.

Idan juyi ya zo kan mai jita, sai lamarin ya sauya. Mai ogan ya shimfiɗa masa dami mai tsawo da hannun dama, shi kuma ya hau kai. Wes Montgomery, wanda ke bugawa da babban yatsa ba da tsinke ba, ya fito da faifansa na farko a kamfanin Riverside a 1959 tare da mai ogan Melvin Rhyne, ɗan garinsu Indianapolis. Rhyne yana da sanyin hannu, bai cika ɗaki da ƙara ba, shi ya sa taushin yatsan Montgomery ya fito sarai. Grant Green kuwa ya fi karkata ga jera sauti ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa, yana maimaita gajeren zance har ya ratsa jiki. Wani zai ce ai Green ya rushe hujjata, tunda riƙe dami ba shi ne ƙarfinsa ba. Amma a saurari Talkin' About na 1964, shi da mai ogan Larry Young da mai ganguna Elvin Jones. Young yana barin sarari da gangan, gangunan Jones suna cike shi, Green kuma yana sanin inda zai sa baki da inda zai yi shiru. Gurbin yana nan, rabonsa ne aka sake.

Wannan zama ya zame wa matasa makaranta. Masu jita George Benson da Pat Martino duk sun yi aiki a ƙarƙashin mai ogan Jack McDuff a shekarun 1960, suna yawon gari-gari da ogan mai nauyin kusan kilo 190, suna kiɗa wa mutanen da suka zo rawa bayan sun tashi daga aiki. Wanda ya kasa riƙe taku a irin wannan wuri, masu rawa ne za su fara gaya masa da ƙafafunsu.

Ranar 25 ga Afrilu, 1960, Smith da mai jita Kenny Burrell da mai busa Stanley Turrentine da mai ganguna Donald Bailey suka shiga ɗakin naɗar sauti na Rudy Van Gelder, suka fito da abin da ya zama fayafai biyu, Midnight Special da Back at the Chicken Shack. Duk mai son gwada abin da na faɗa, ya saurari kiɗan da aka sa wa faifai na biyu sunansa, ya kawar da kunne daga Smith na ɗan lokaci, ya bi Burrell kaɗai, ya ƙirga sautuka nawa yake bugawa da kuma nawa yake bari su wuce.