Yadda Na Gano Kakana A Cikin Gaskiya Ta Fi Kwabo

Tun muna yara ake gaya mana wai kakanmu ya tafi hajji a ƙafa, bai dawo ba. Sai dab da rasuwarta kakata ta faɗa mini gaskiya: soja ya shiga, mahaifinsa kuwa malami ne, ya yi fushi ya hana kowa ambaton sunansa a gidan.

Wannan ne ya kai ni gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Na zauna da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Sojojinmu da Turawan Ingila suka kai Bama yaƙi da Japan, tsakanin 1943 da 1945, sukan aiko wasiƙu a buga.

To, a nan gizo ke saƙar. A wancan zamani sunan gari ake liƙa wa soja a bayan sunansa. Mutum uku na tarar masu sunan kakana da garinmu. Wanne ne namu?

Wasiƙa guda ce ta raba gardama. Mai ita ya gai da unguwarmu, ya kira kakata da laƙabin da 'yan gida kaɗai suka sani, sannan ya roƙi mahaifinsa gafara. Ba wanda ya taɓa karanta wa tsohon ita.

Yanzu muna sa shi a addu'a da sunansa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.