Gawar Fir'auna da Amanar Rubuta Tarihi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Wani ɗan uwa ya aiko mini da hoton wata busasshiyar gawa a dunƙule, an rubuta a ƙasa wai ita ce gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS), an tsinto ta a gaɓar Bahar Maliya tana sujada. Na san niyyarsa alheri ce. Sai dai gawar nan sananniya ce: tana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, an tono ta ne a Gebelein, kudu da Luksor, kuma ta kai kimanin shekara 5,400. Mai ita ya mutu tun kafin a naɗa fir'auna na farko, rairayin hamada ne ya busar da shi, kuma a dunƙule mutanen wancan zamani suke binne mamatansu.

Ta yaya muka san haka? Saboda an rubuta inda aka samo ta da irin kabarin da take ciki. Wannan rubutu shi ne isnadin masu tonon kayan tarihi, kuma ba kowane mai tono ne ya riƙe amanarsa ba.

A watan Yuli na 1881 aka nuna wa hukumar Masar wani ɓoyayyen rami a Deirul Bahari, wanda wasu mutanen ƙauyen Kurna suka daɗe suna ɗibar kayansa suna sayarwa. A ciki akwai gawarwakin manyan sarakuna, har da Seti na Ɗaya da Ramsis na Biyu. Don gudun ɓarayi, Emil Brugsh da Ahmad Kamal suka kwashe komai cikin kwana biyu, aka ɗora a jirgin ruwa zuwa Alƙahira. Ba a zana taswirar inda kowane akwati yake ba, kuma wannan ilimi ya tafi ke nan. Ban ga laifin tsoronsu ba, amma asarar ta tabbata. Abin da ya ceci sunan Ramsis shi ne rubutun limaman Masar na dā, waɗanda suka rubuta a jikin akwatinsa da likkafaninsa ko wane ne shi, da yadda aka yi ta sauya masa makwanci.

Kwatanta wannan da Howard Carter, wanda ya gano kabarin Tutankhamun a Nuwamba 1922. Shekara goma ya yi yana kwashe kaya fiye da 5,000. Kowane abu sai an ba shi lamba, Harry Burton ya ɗauki hotonsa a inda yake, an rubuta bayaninsa a kati, sannan a ɗaga shi. Katunan suna Jami'ar Oksfod har yau.

Aya ta 92 ta Suratu Yunus ta ba mu labarin tsirar da jikin Fir'auna, mun yi imani da ita, amma Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Wasu sun ce Ramsis ne, shi kuwa likita Maurice Bucaille ya karkata ga ɗansa Merneptah, wanda aka samu gawarsa a 1898 a kabarin Amenhotep na Biyu. Duk ijtihadi ne. Babu ɗayansu da aka tsinta a bakin teku, kuma tun Afrilun 2021 uban da ɗan suna kwance a gidan tarihin da ke Fustat, a Alƙahira.

Na mayar wa ɗan uwan nan da wannan bayani, na roƙe shi ya sanar da waɗanda ya riga ya tura wa hoton. Wallahu a'alam.